Dungun Pybus

Neville Pybus bai taɓa ganin fili a jikin wani abu ba face ya ji sunansa ne ya dace da wurin. Tun yana ɗan makaranta a kwarin Huon ya fara, da ƙusa, a kan tebur da ƙofar bayan gida. Ranar da ya gaji shagon taya daga mahaifinsa, kafin ya duba ko injin cire taya yana aiki, sai da ya sauke allon da ke cewa "Pybus da 'Ya'yansa" ya ɗora mai cewa "Neville Pybus", da haruffan da mai wucewa a mota zai karanta ko bai so ba. Yaran ƙungiyar ƙwallon gari sun yi shekaru suna shan kashi da sunansa a bayansu. Akwai wani benci a gaban ɗakin taro, irin wanda dangi ke ajiyewa don tunawa da mamaci, da ɗan farantin tagulla a jiki. Na Neville ne. Shi ya saya, yana da ransa da lafiyarsa.

"Ka bari ka mutu mana tukuna," in ji matarsa Lorraine.

"In na mutu wa zai duba ko sun rubuta daidai?"

Ba mugu ba ne, kuma ya san aikinsa. In tayar wata tsohuwa ta yi faci a kan hanya ana ruwa, zai fita ya canza mata bai karɓi komai ba. Sai dai kafin mako ya zagayo, duk wanda ya shiga shagon ya ji labarin, har da launin motar. A haka ya haura hamsin, da tumbi, da hawan jini, da ƙaramin jirgin kamun kifi mai suna Neville na Biyu.

Likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Bai kula ba, sai ranar da ya zauna a mashaya kusa da Kerryn Batchelor, ma'aikaciyar jinyar nan da duk kwarin ya san babu mai kamo ta a hawan manyan bishiyoyin turare. Tana ba wani labarin wata bishiya da ta hau, wadda ta sa wa suna Tsohuwa Mai Tari saboda ƙarar da take yi in iska ta kaɗa.

"Tsaya, tsaya," in ji Neville. "Ke kika sa mata sunan?"

"Wanda ya fara kai ƙololuwa ya saki tef ɗin awo, shi ke sa suna."

"Kuma sunan ya zauna?"

"Bishiyar ta yi shekara ɗari huɗu a tsaye, Nev. Za ta fi allon shagonka daɗewa."

Asabar ɗin makon ya bayyana a rumfar da masu hawa ke ajiye kayansu, a bayan gidan Malam Lionel Oakford. Ya zo da sabuwar hular kwano, da sabuwar ɗamarar hawa, da takalman da ba su taɓa taka laka ba. Malam Lionel ya koyar da rabin mutanen kwarin lissafi, har da Neville, wanda ya fita daga ajinsa ya iya ba da canji kawai. Gwiwoyinsa sun daina hawa, amma shi ke kula da igiyoyi, shi ke dafa shayi a gindin bishiya, kuma shi ke gaya wa sabon zuwa dokoki. Ya gaya wa Neville su a tsaye, ba ƙari ba ragi. A wanke takalmi kafin a shiga daji don kada a kai wa saiwa cuta. Ba a buga ƙusa. Ba a yanke ɗanyen reshe, komai ƙanƙantarsa. Ba a hawa mutum ɗaya. Ba a gaya wa kowa inda bishiya take. Sannan wanda ya fara kai ƙololuwa shi ke sa suna, amma sunan ba ya zama sai wani na biyu ya hau ya ga inda na farko ya tsaya.

"Ka ji duka?"

"Na ji, Malam."

"Maimaita."

Neville ya maimaita ta ƙarshe daidai. Sauran sai da aka tuna masa.

Hawansa na farko abin kallo ne. An ɗaura wa jakar dalma zare, an harba ta da babban danƙo ta tsallake reshe, an ja igiya da zaren, an ɗaure Neville, ya yi sama kamar buhun dankalin da ake ja zuwa bene. Bai kai tsayin rufin coci ba ya tsaya.

"Nev, buɗe idonka," Kerryn ta ce daga igiyar da ke gefensa.

"A buɗe suke."

"To me ya sa ka rungume bishiyar kamar ka dawo daga yaƙi? Sake ta, matar wani ce."

Ya yi amai ranar, na ƙasa suka watse. Amma ya dawo, ya sake dawowa. Dole a ba shi wannan: tsoron bai taɓa barinsa ba, shi ma bai bar hawan ba. Tumbin ya ragu, hannuwansa suka yi kanta. Cikin shekara biyu ya iya zuwa ƙololuwar kowace bishiya da aka kai shi. Abin da bai taɓa koya ba shi ne kallo. Wasu in sun kai sama shiru suke yi, su zuba wa kwari ido, su bar iska ta yi lilo da su. Neville in ya kai, numfashi kawai yake mayarwa ya ce, "Wannan wa ya sa mata suna?" Kowacce da mai ita. Abin yana ci masa rai kamar ya shiga gari ya tarar an riga an rubuta a kowane bango.

A cikin rumfar akwai ƙullin zare ruwan hoda, irin wanda magina ke ja a kan bulo, rataye a ƙusa kusa da taga. Wata rana Neville ya miƙa hannu zai yanko ya ɗaure jaka. Kerryn ta riƙe masa wuyan hannu.

"Ba wannan ba."

A waje ta yi masa bayani. Masu hawa in sun sauko sukan bar siririn zare a sargafe a reshen sama, bakinsa biyu a ɗaure a ƙasa, don in an dawo ba sai an sake harbi ba, sai a ja igiya da shi. Kowa baƙi yake sawa, don kada baƙo ya hango. Mutum ɗaya ce ke sa ruwan hoda: Tamsin, 'yar Malam Lionel, tilon 'yarsa. An sha yi mata faɗa. Ta ce in har za ta bar kaya a jikin bishiya, gara a san nata ne a zo a same ta.

Ba faɗowa ta yi ba, ko da yake wannan ne abin da baƙi ke fara tambaya. Ciwon dajin jini ne. An gano shi a farkon hunturu, kafin tuffa ta yi fure an binne ta, tana da shekara ashirin da shida. A raninta na ƙarshe ta samo wata bishiya, ta hau ita kaɗai, abin da doka ta hana. Ta gaya wa mahaifinta a gadon asibiti, amma ta ƙi faɗin inda take. Ta ce in ta faɗa zai je ba tare da ita ba, ya bari ta tashi ta kai shi. Shekara tara ke nan. Duk sabuwar bishiyar da aka kai Malam Lionel, in ya ɗora ruwan shayi sai ya zagaya gindinta a hankali, yana duba ƙasa, yana duba sama. Kowa ya san abin da yake nema, kuma ba mai tambayarsa.

Neville ya ji tausayi daidai gwargwado, ya girgiza kai. Sannan ya ce, "To ita wane suna ta sa mata?"

Kerryn ta kalle shi. "Ba ta sa ba. Babu na biyu da ya hau."

Sa'arsa ta zo ne a kan taya, kamar komai nasa. Wani tsohon direban motar katako ya zo canza ta baya, yana hira ya ambaci wata ƙatuwar bishiyar turare a hayin wani rafi, wadda suka bari a zamaninsu don gangaren ya fi ƙarfin injin. Neville ya ja masa kujera, ya kawo masa kofi, ya cika masa iska kyauta, iskar da dama kyauta ce. Daga nan Lahadi bayan Lahadi yana cikin daji, matsattsaku suna shan jininsa, har ya same ta. Ya tsaya a gindinta ya ɗaga kai, hularsa ta faɗi. Bai ga ƙarshenta ba. A ƙasa babu sawu, babu zare, babu komai.

Kerryn ya kira, don ita ce maganarta ke da nauyi. Suka wanke takalma a bakin hanya, suka ratsa rafin da kaya a baya. Da ta ga bishiyar sai ta ɗora tafin hannu a jikinta.

"Kai, Nev. Wannan ka samo."

"Ni zan fara hawa."

"Wa ya ce a'a? Taka ce. Ka dai yi sauri, ban yarda da gajimaren can ba."

Ya hau. Ya wuce kan ƙananan itatuwa, ya wuce inda ɓawon ke zuba kamar tsumma, ya shiga inda jikin bishiyar ya yi fari sumul. Yana sargafa igiya daga reshe zuwa reshe, yana gwada sunan a bakinsa. A babban reshe na ƙarshe, wanda in ka taka shi ka miƙe hannunka zai kai ƙololuwa, ya ɗora gwiwar hannu zai ja jikinsa, sai ya ga wani abu yana kaɗawa.

Zare ne. Rana ta cinye launinsa ta waje, amma inda ya shiga inuwar reshen ruwan hoda ne, babu tantama. Iskar shekaru ta tsinke dogayen bakunansa tun tuni, saura guntaye biyu, ɗaya ta kowane gefe. Tsakiyarsa kuwa reshen ya girma ya haɗiye ta, ɓawo ya rufe a kai kamar fata a kan tabo.

Neville ya san na wace ce. Ba a buƙatar ilimi.

Oba-obar da ke ƙirjinsa ta yi ƙara, muryar Kerryn ta fito daga ƙasa. "Nev, me ka tsaya yi?"

"Hutawa nake."

"Ka huta a gida. Iska na tashi. In za ka saki tef ka saki."

Ya zaro wuƙa ya yanke guntayen biyu ya cusa a aljihu. Sai ga ɗigo biyu ruwan hoda a jikin farin ɓawo, suna kallonsa. Ya tona da bakin wuƙa, zaren ya ƙi fita, ya yi nisa a ciki. Bishiyar ta fara lilo. Ya miƙe ya taɓa ƙololuwa, ya saki tef, Kerryn ta kama a ƙasa ta karanta masa: mita tamanin da bakwai. Bishiyar ta fi Tsohuwa Mai Tari tsayi.

"Akwai alamar wani?" ta tambaya, kamar yadda ake tambayar duk wanda ya fara hawa.

"Ko tsuntsu bai taɓa sauka ba."

Kafin ya sauko ruwa ya kece, don haka Kerryn ba ta hau ba. Suka bar baƙin zarensu suka ce sai Asabar mai zuwa, a zo da sauran. A cikin a-kori-kurarsa, suna ɗiga, ta tambaye shi sunan.

"Pybus."

"Ba a sa sunan kai, ka sani."

"Ba nawa ba ne. Na kakana ne, don tunawa da shi."

"Kakanka? Wanda ya ƙare rayuwarsa yana kayar da su?"

"Ya san su fiye da kowa."

"Ƙwarai. Mahauci ma ya san saniya. Shi ma Neville ne sunansa, ko?"

"Laifina ne?"

Ranar Litinin ya ɗaura wa mutum taya a juye, abin da bai taɓa yi ba. Lissafin bai da wuya, ko ɗalibin Malam Lionel na ƙarshen aji zai iya. In ba wanda ya sake hawa, babu suna. In Kerryn ta hau, dole ta taka reshen nan, kuma ita ta yi shekaru tana hawa da mai zaren. Akwai hanya ta uku, wato ya tuƙa mota zuwa gidan da bai fi tafiyar shan sigari daga shagonsa ba, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce, "Malam, na ga bishiyar." Ya yi tunanin wannan, ba za a ce bai yi ba. Har ya ga yadda za a riƙa ba da labarin, da shi a ciki. Amma a labarin shi mai kawo saƙo ne kawai, bishiyar ta wata ce. Ya gaya wa kansa cewa tona wa tsoho ciwo ba alheri ba ne, kuma wadda ta rasu ba abin da suna zai ƙara mata. Da ya gama gaya wa kansa haka sai ya ji sauƙi, ya yi waya ya sa a buga masa huluna.

Ranar Laraba ya ce wa Lorraine zai je birnin Hobart duba kaya. Ya sa zarton hannu a jaka, da gwangwanin baƙin fentin da yake shafa wa tsofaffin tayoyi su yi kamar sababbi. Bai tsaya wanke takalmi ba. Ya ratsa rafin, ya ja igiya da baƙin zaren, ya hau shi kaɗai. A rana ɗaya ya karya dokoki uku, don ya cika ta shida.

Reshen ya kai kaurin cinyar mutum. Ya ɗaure kansa a jikin bishiyar, ya sa zarto a tsakanin zaren da gangar jikinta, ya yi ta ja. Ɗanyen turare ba ya son zarto, ruwansa yana kama haƙoran zarton, ƙamshinsa ya cika masa hanci har idonsa ya yi ruwa. Neville mutumin taya ne. A saninsa abu in ka sake shi, inda ka sake shi yake faɗawa, sai ka sauka ka ɗauka. Ya yi niyyar ya tsinci reshen a gindi, ya ja shi zuwa rafi. Bai lissafa da rassan da ke tsakani ba. Reshen ya tsage kafin zarton ya gama, bishiyar ta yi wata girgiza da ta sa ya rungume ta ya runtse ido kamar ranarsa ta farko. Yana jin sa yana dukan reshe bayan reshe, yana karyewa, yana watsewa, har ƙarar ta mutu can ƙasa. Da ya buɗe ido bai san ta ina ya bi ba.

Abin da ya rage dungu ne, fari tas, ana hango shi daga nesa. Ya buɗe gwangwani ya shafe shi da baƙi, ya ja baya ya duba aikinsa. A ganinsa ya yi kama da tsohon karaya.

A ƙasa ya yi ta nema cikin ciyayin da suka fi shi tsayi. Ya samu guntaye da yawa, ya jefa su rafi, amma bai samu mai zaren ba. Hazo ya sauko, matsattsaku suka cika masa safa. Ya ce dajin da ya ɓoye bishiya guda shekara ɗari huɗu ba zai kasa ɓoye guntun itace ba, ya koma gida. Lorraine ta tambaye shi tun yaushe ake samun laka har gwiwa a Hobart.

Asabar ta zo da rana mai kyau. Mutum takwas suka ratsa rafin, Malam Lionel a ƙarshe da sandarsa. Neville ya buɗe kwali a gindin bishiyar ya fara raba huluna, kowacce an rubuta "Pybus 87" a goshi.

"Nev, ba ka bari a tabbatar ba?" wani ya ce.

"Me za a tabbatar? Tef ba ya ƙarya."

"Kakanka dai ya yi sa'ar jika. Nawa ko furanni ba na kai masa."

Kerryn ba ta karɓi hula ba, ta ce tana da ta kwano. Ta ɗaura ɗamara ta yi sama, ba ta ɓata motsi ko ɗaya. Malam Lionel ya kunna ɗan murhunsa, ya ɗora ruwa, ya jera kofuna a kan wani kututture. Sannan ya ɗauki sandarsa ya fara zagayen da ya saba.

Neville ya bi shi da ido. Yana raba burodi mai nama da Lorraine ta haɗa, yana dariyar abin da bai ji ba, yana kallon bayan tsohon yana shiga cikin ciyayi. Malam Lionel ba ya sauri. Yakan tsaya ya ture ganye da sanda, ya ɗaga kai, ya ci gaba. Ya ɓace ta bayan bishiyar. Ruwan shayi ya tafasa, wani ya sauke.

Oba-oba ta yi ƙara a hannun mai riƙe igiya, kowa yana ji.

"Nev."

"Na'am, kin kai?"

"Me ya sa bishiyarka ke warin shagonka?"

Aka yi dariya, an ɗauka tsokana ce.

"Ba wasa nake ba. An yanke reshe a nan. Ɗanye."

"Iska ce," in ji Neville. "Kin ga irin wadda aka yi ranar nan."

"Iska mai zarto? Iskar da ta gama ta shafa fenti? Ga shi a safar hannuna, bai ko bushe ba."

Dariyar ta tsaya. Wanda ya fara sa hular ya cire ta ya riƙe a hannu. Neville ya buɗe baki zai ce wataƙila masu katako ne, sai ya ga babu mai kallonsa. Duk sun juya.

Malam Lionel ya fito daga cikin ciyayi ba sanda. Hannuwansa biyu suna riƙe da guntun reshe, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Gefe ɗaya a tsage yake, ɗaya gefen kuma sawun zarto ne, fari. Inda itacen ya tsage ya buɗe abin da ɓawo ya rufe, zaren yana kwance a cikin naman itacen, launinsa sabo kamar jiya aka yanko shi daga ƙullin da ke rumfa. Da Neville ya bar reshen a inda yake, mutumin da gwiwarsa ba ta hawa ba zai taɓa ganinsa da idonsa ba.

Ya zo ya tsaya a gaban Neville. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, sai dai bai ajiye itacen ba, kuma babban yatsansa yana kan zaren.

"Malam, bari in yi maka bayani. Ni dama na yi niyyar..."

"A ina yake?"

"Na'am?"

"Reshen. A wane tsayi?"

Neville ya duba sauran, babu wanda ya taimake shi. "Na ƙarshe ne."

"Na ƙarshe kafin me? Ka faɗa daidai."

"Kafin ƙololuwa. In ka taka shi ka miƙe, hannunka ya kai."

Malam Lionel ya gyaɗa kai a hankali, kamar yadda yake yi in ɗalibi ya kawo amsa bayan dogon jira. "To ta kai," ya ce.

Ya miƙa hannu aka ba shi oba-oba.

"Kerryn. Ni ne."

"Ina jin ka, Malam."

"Ta Tamsin ce. Ki ƙarasa sama."

Sannan igiyar ta motsa.

"Na kai," in ji Kerryn, muryarta ba yadda take ba.

"Me ake gani?"

Ta gaya masa. Kogin yana lanƙwasa ta gabas, gonakin tuffa kamar an shimfiɗa su, dusar ƙanƙara a kan dutsen yamma, sannan can ƙarshe wani siririn haske da take jin teku ne. Ya ce ta sake faɗa, daga hagu zuwa dama. Ta sake. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bishiyar, itacen a kan cinyarsa, ya saurara har ta gama.

Neville yana tsaye da kwalin huluna. Da ya ga abin ya lafa sai ya matso ya ce, a hankali, "Ko ba komai dai, Malam, ni na samo maka ita."

Malam Lionel bai ɗago ba. Wata daga cikin matan ce ta amsa. "Nev, ɗauki kwalinka. Kada ka bar ko ɗaya a dajin nan."

Ba a kore shi daga ƙungiyar ba, don ba su da tsarin kora. An daina kiransa ne kawai. Ya je rumfar sau ɗaya ya tarar an tara masa kayansa a bakin ƙofa, an naɗe igiyarsa da kyau. Guntun reshen yana kan tagar kicin ɗin Malam Lionel, inda rana ba ta kai wa zaren. Bishiyar ba a sa mata suna ba, don mai hakkin sawa ba ta faɗi wanda ta zaɓa ba, kuma mahaifinta ya ce ba zai yi mata ƙage ba. In za a je sai a ce za a je wajen Tamsin.

Dungun kuwa yana nan, fentin ya ƙi fita. Tunda reshen ya tafi, babu inda mai hawa zai sa ƙafa ya kai ƙololuwa sai shi. Kerryn ce ta fara faɗa wa wani sabon zuwa ta oba-oba, "In ka ga baƙin abin nan, dungun Pybus ke nan. Taka shi da ƙarfi ka miƙe." Sunan ya zauna. Na biyu ya hau ya gani, na uku ma haka.

Labarin ya kai shagon taya kafin hunturu. Neville ya yi kwanaki yana fushi, ya ce zai kai ƙara, Lorraine ta tambaye shi ƙarar wa, a kan me. Daga baya fushin ya wuce. Yanzu in baƙo ya tsaya canza taya, kuma ya yi kuskuren tambayar hular da ke rataye a bayan kanta, Neville yakan goge hannu, ya jingina da mota, ya nuna kudu da haɓa.

"A cikin dajin can," yakan ce, "sama da mita tamanin daga ƙasa, akwai wurin da ke ɗauke da sunana. Duk wanda zai kai ƙololuwa sai ya bi ta kaina."